Zailani da Tabarmar Ciyayya

A layinmu na Ƙofar Kuyambana, duk magidanci yana da wurin zamansa a tabarmar ciyayya. Ana idar da sallar magariba kowa zai fito da kwanonsa ƙofar gidan Malam Lawal mai ɗinkin manyan riguna, a haɗa a ci tare. Wanda matarsa ta iya miya a sani, wanda tasa ke jiƙa kuka da ruwan zafi shi ma a sani, amma ba a faɗa. A gefen tabarmar nan Zailani ya girma, yana kallon mahaifinsa na yanko loma.

Da mahaifin ya rasu, Zailani ya kama faci a bakin titi. Hannunsa kamar ƙarfe, taya ba ta yi masa gardama. Sai abokai suka koya masa shan maganin tari ba tare da tari ba, daga nan aka koma ƙwaya. Ranar da abin ya yanke masa, ya fasa wani kemis, ya ji wa mai gadi rauni. Alƙali ya aika shi gidan yari, wanda yanzu ake kira gidan gyaran hali, ko da yake ginin bai ji labarin an sauya masa suna ba.

Watannin farko amai ne da karkarwa. Da jikinsa ya saki ƙwayar, aka raba fursunoni koyon sana'a. Ajin kafinta ya cika, sai aka tura shi ɗakin jinya, shara da ɗaga marasa lafiya. A can akwai wani ma'aikacin jinya mai yi wa fursunonin da jikinsu ya shanye gashi da motsa gaɓɓai. Shi ya koya masa yadda ake buɗe yatsun da suka dunƙule, ɗaya bayan ɗaya, da lallami. Yakan ce masa, "Kai mai faci, wannan mutum ne, ba taya ba."

Da ya fito, kayan sana'ar da aka ce za a ba su har yau suna hanya. Biyu daga cikin waɗanda aka sako su tare sun koma ciki kafin damina ta ɗauke. Shi kuwa ya dawo ɗakin gyatumarsa. Ta tuƙa tuwo, ta ce, "Kai waje, wurin ubanka ne."

Ba wanda ya kore shi, mu ba ma kora. An amsa sallamarsa, an matsa masa. Alhaji Sadiƙu mai shagon atamfa ya dai mayar da wayarsa ɗaya aljihun. Aka ci kowane kwano aka suɗe, na Zailani ba hannun da ya shiga. Ya mayar da shi gida cike. Gyatumar ta buɗe ta duba, ta rufe. Bai sake fitowa ba.

Ana nan Malam Lawal ya faɗi a wurin alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A asibiti masu gashin ƙashi suka ce sai an riƙa motsa hannun kullum a gida. 'Ya'yansa maza suna aiki a wasu garuruwa, matarsa Inna Tani kuwa ba ta iya ɗaga shi. Ya daina fitowa. Da hagu yake cin abinci, a ɗaki, ƙofa a rufe. Ya ce ya tsufa bai taɓa kai hagu bakinsa a gaban mutane ba, ba yanzu zai fara ba.

Wata safiya Zailani ya yi sallama a zauren.

"Baba, ba ni hannun nan in gani."

Malam ya dube shi sama da ƙasa. "Ba kai ne mai fasa kemis ba?"

"Ni ne, Baba. Amma yau ta ƙofa na shigo."

Malam ya yi dariya da rabin bakinsa mai motsi, ya bar masa hannun.

Shi ke raka shi asibiti a keke napep, ya tsaya ya ga abin da masu gashin suka yi, ya dawo ya maimaita safe da yamma. Malam ya zage shi, ya yi hawaye, ya ce a ƙyale shi ya mutu da mutuncinsa. Zailani ya ce, "To Baba, matse wannan lemon tukuna." Alhaji Sadiƙu da ya ji labari ya ce, "In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta."

Maganar kuwa ta kusa zama gaskiya. Wata rana tsofaffin abokai suka ja Zailani gindin dutsen Kufena, ya sha. Ya ɓuya a ɗaki, kunya ta hana shi leƙo waje, sai da Inna Tani ta je da kanta ta taso shi. Ya durƙusa gaban Malam, ido jajur.

"Baba, na koma."

"Na gani. Ni ma jiya da hagu na ci." Ya turo masa hannun da ƙyar. "Kama. Gobe kuma ka koma wurin likitan da ke ganin masu shan ƙwaya, tare za mu."

Hannun bai dawo yadda yake ba. Allura ta yi bankwana da shi, rigar da ya fara wa aiki tana nan rataye, rabin wuyanta babu zare. Amma sannu a hankali yatsu uku suka fara haɗuwa.

Ranar da Malam ya yarda zai fito, Zailani ne ya tallafo shi har tabarma, ya jingina shi da bango, ya juya zai tafi.

"Ina za ka? Je ka ɗauko kwanonku."

"Baba, a bar shi kawai."

"Da kurma nake magana?"

Ya ɗauko, ya ajiye can gefe. Malam ya ce a turo masa shi gabansa. Ga kwanon Alhaji da miyar kaji, bai ko kalle shi ba. Ya yi bisimilla, ya ɗaga hannun dama yana rawa, ya sa a tuwon gyatumar Zailani. Rabin lomar ya zube a rigarsa, rabi ya isa baki. A layin da ko tuntuɓe ka yi sai an yi maka waƙa, ba wanda ya yi dariya.

"Ku ci mana," in ji Malam. "Ko sai na ba ku a baki?"

Hannu ɗaya ya shiga, wani ya biyo. Alhaji Sadiƙu ya ce shi miyar kuka tana tayar masa da olsa, aka bar shi da olsarsa. Zailani ya zauna a gefen da mahaifinsa ke zama a da, ya yanko lomarsa.

Da ya koma gida gyatumar ta karɓi kwanon, ta ji shi sakayau.

"Zubarwa ka yi?"

"Cinyewa aka yi, Inna."

Ta leƙa cikin kwanon. Sannan ta goge ido da bakin mayafi, ta ce gobe ya biya kasuwa ya sayo mata daddawa, miyar yau ba ta ji ba.