Dattijo da Sabon Man Sitiyari

Mai shagon man mota ba ta san dattijon nan ba, amma ta kasa ɗauke ido daga kansa. Gajere ne, gemu fari fat, damatsa kamar na ɗan dambe. Ƙila kokawa da sitiyarin tsohuwar bas ɗinsa ce ta gina su.

Ya ɗiga tsohon man sitiyarin a tafin hannunsa, baƙi ƙirin, sai warin ƙuna.

"Baba, wannan ai ya mutu," in ji ta. "Ga ja, irin wanda aka rubuta a murfin."

Nan take ya zuƙe tsohon da sirinji, ya ɗura sabo. Ya tayar da mota, ya finciki sitiyari da ƙarfin da ya saba, sai bas ta yi juyi kamar mai rawa, kaji suka watse.

Ranta na ba ta cewa mutumin nan har ya fara tunanin ajiye tuƙi. Yanzu kuwa ya sake zagayowa, yatsa ɗaya a kan sitiyari, yana ƙyalƙyala dariya.

"'Yata!" yake ihu ta taga. "Ashe ba ni na tsufa ba, mai ne!"