Hemma Lausegger da Karkatacciyar Bindiga

Kafin ta taɓa kurfin sassaƙa da safe, Hemma Lausegger sai ta ɗauki katako ɗaya bayan ɗaya, ta shafa masa ruwa da yatsa, ta kai shi bakin taga tana leƙen yadda jijiyarsa ta kwanta. Aikinta sassaƙa ƙotar bindigar farauta, a nan Ferlach, garin maƙeran bindiga. Makwabta sun daɗe suna mamakin wata ɗabi'arta: in mutum ya kawo aiki, ba bindigarsa take fara dubawa ba. Shi take ƙura wa ido, wuyansa da kafaɗarsa da kuncinsa, har ya tsargu.

Tsoho Lenz, maharbin awakin dutse, shi ya fi kowa sanin amfanin wannan kallo. Idonsa na dama ya mutu. Ya gwada harbi da kafaɗar hagu, abin ya zame masa kamar cin abinci da hannun hagu. 'Yarsa Resi kuwa ta yanke hukunci: in ya kuskure allon da ake auna a gwajin harbin bazara, za ta kulle bindigar, ya yi ban kwana da dutse.

Ya shigo shagon Hemma yana huci. Hemma ta zagaya shi, ta ce, "Idon hagun yana gani?"

"Yana ganin kin tsufa."

"To, lafiyarsa ƙalau. Tsaya cik, tsohon banza, kar ka motsa!"

Abin da ta sassaƙa masa ya ba kowa dariya. Ƙota ce mai lanƙwasa kamar ƙafar kare: gindinta a kafaɗar dama, madubin saitin kuwa ya ratso ya tsaya daidai idon hagu. Waɗanda suka leƙa sun ga yadda take turara ƙarfen bindigar da hayaƙin fitila, ta danna shi cikin katako, ta cire, ta kankare inda baƙi ya taɓa kawai. Haka ta yi ta yi har ƙarfe da katako suka haɗu, ko gashi ba ya shiga tsakaninsu.

Ranar gwaji maharba suka sa shi a gaba. "Lenz, da wannan za ka harbi akuyar da ta ɓuya bayan dutse?"

Lenz ya ɗauki bindigar. Ya ɗora ta a kafaɗa, ya ja kunama. Da aka kawo allon, ga huda a tsakiya. Resi ta ce, "Baba, ka ci," ta juya tana share hawaye.

Hemma, ke ce gwanar da sunanki ba ya jikin bindiga ko ɗaya. Ana yaba mai zanen ƙarfe, ana yaba mai madubi, a manta da wadda ta sa suka dace da jikin mutum. Wallahi abin yana mana ciwo.

A wannan wata Hemma take ajiye aiki, hannu ya fara rawa, kuma babu magaji a shagon. Mun gode, Hemma. Ku kuma matasa masu haƙuri, ku je ku zauna kusa da ita tun tana iya nunawa. A walimar sallamarta Lenz ya miƙe da kofi a hannu zai yi jawabi. Ya ce, "In kin tafi, mu masu ido ɗaya wa zai dube mu?"