Dattijon da ke gyaran hanya a Abbey Wood

Ranar Asabar da hantsi Yagana tana ratsa dajin da ke kusa da unguwar Abbey Wood, sai idonta ya faɗa kan wani dattijo cikin 'yan sa-kai da ƙaramar hukuma ta tara su shimfiɗa hanyar ƙafa. Kowa yana sanye da kayan aiki, shi kuwa farin kaftani ne sol, da hula zanna, da takalmin roba har gwiwa.

Baro yake turawa, amma tsakuwar da ke ciki ba ta fi kwano biyu ba. Duk taku goma sai ya tsaya, ya goya hannu a baya, yana duban hanyar kamar mai jiran a kawo masa fayil. Yagana ta raya a ranta cewa tsohon darakta ne da likita ya ce ya riƙa motsa jiki.

Da ya hangi mayafinta, sai ya yafito ta.

"'Yata, sun ce mota ba za ta bi nan ba. To a ƙafa babban baƙo zai zo buɗe ta?"

"Baba, ai ba a buɗewa. In an gama, bi kawai ake yi."

Murnarsa ta koma ciki, har ya ba ta tausayi. Can ya zaro jan zare da almakashi daga aljihu, ya ɗaura zaren tsakanin bishiyoyi biyu, ya miƙa mata almakashin.

"Bismillah, ranki ya daɗe."

Ta gyara mayafi, ta yanka. Kafin ta ɗaga ƙafa, karen wata Baturiya ya riga ta wucewa, dattijon kuwa ya tafa masa.