Verlene Tubbs da Kwarmin Kujerar Dikin Lucius

Da sassafe, kafin motar kwashe shara ta shigo layinmu, za ka ji ƙofar garejin Verlene Tubbs tana ƙugi tana hawa sama. Ba ta fara taɓa keken ɗinkinta ba. Sai ta tsoma hannuwanta cikin ruwan ɗumi tukuna, ta yi ta murza yatsun nan da sanyin ƙashi ya lanƙwasa har su yarda su buɗe, sannan ta ɗiga wa keken ɗinki mai, ta kunna rediyon waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa, ta zauna. Ni da nake tsallaken titi, da ƙarar keken nan nake sanin gari ya waye lafiya. To yanzu ta ce ya isa, yatsun sun ƙi. Ƙarshen watan nan za ta rufe garejin, cocinmu kuma zai yi mata liyafa. Na ce kafin a cika baki da soyayyen kifi a manta da magana, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Tana budurwa ta zo birnin Detroit daga Alabama da ke Kudu, kamar yawancinmu, ta sami aiki a masana'antar da ake haɗa jikin motar Cadillac, ɓangaren yanka da ɗinkin kujeru. Yaran yanzu dariya suke yi in sun ga hotunan iyayenmu maza, mutum ya sha kwat da malafa ya jingina da mota mai tsawon jirgin ruwa, bayanta da fukafukai kamar jelar kifi, alhali gidansa ɗaki biyu ne na haya. Ba hauka ba ne, 'ya'yana. A lokacin baƙar fata ko ya tara abin hannunsa ba a sayar masa gida a unguwar da ransa ke so. Mota kuwa in ka riƙe makullinta, taka ce. In zafi ya zo muka ɗauki hanyar Kudu gaida dangi, otal nawa ne zai buɗe mana ƙofa? Sai a sami gefen hanya a tsaya, yara su miƙe a kujerar baya, uwa da uba a gaba. Kujerar nan ita ce gado, ita ce falo, a kanta ake faɗa a kanta ake shiryawa. Verlene kuwa, ke ce kika ɗinka ta, ke da sauran matan da ba a rubuta sunan ko ɗayarku a jikin motar ba. Kuma har yau ba ki taɓa mallakar ko ɗaya ba, tuƙin ma ba ki iya ba, bas ce motarki.

Da aka rufe masana'antar a ƙarshen 1987, maza da yawa suka zauna a baranda suna kallon titi. Ita sai ta sayi tsohon keke ta kafa a gareji. Tun daga nan babu tsohuwar Cadillac a gabashin garin nan da ba ta bi ta hannunta ba: ta masu ɗaukar gawa, ta fastoci, ta 'yan gayun da ke goge ta duk Asabar ko ba za su je ko'ina ba. Suna ce mata uwar allura. Ita kuwa in ta ji sai ta ce, "Uwar allura ko kakarta, sauke min ƙafarka daga kan fatar nan."

Amma abin da ya sa na ɗauki biro, maganar Mama Ozella Hairston ce.

Mijinta Dikin Lucius, dattijon cocinmu, yana da Cadillac ta shekarar 1976, ruwan goro, kujerunta na karammiski. Tuƙi irin na mazan garin nan yake yi: hannun hagu a saman sitiyari, jiki duk ya karkata dama, hannun dama a miƙe bisa bayan kujera. Kujerar gaba doguwa ce guda ɗaya, Mama Ozella kuma a tsakiya take zama, ba ta taɓa matsawa bakin taga ba. Shekara kusan arba'in a haka, har wajen zamansa ya yi kwarmi, ya gangara, duk wanda ya zauna a tsakiya sai ya ji yana zamewa hagu.

Da Dikin ya rasu, ƙwaƙwalwar Mama ta fara tafiya. A cikin gida ba ta gane ɗanta Ardell, sai ta ce masa, "Bawan Allah, wa kake nema?" Amma in aka kai ta gareji ta shiga motar ta zauna a tsakiya, gangaren nan ya karkatar da ita, ta sa tafin hannu cikin kwarmin, sai ka ga fuskarta ta dawo. Ta kira kowa da sunansa, ta tambayi jikoki. In ta fito daga nan ne kaɗai take yarda ta ci abinci.

Sai ambaliyar nan ta 2014 ta zo, ruwan da ya cika mana ɗakunan ƙasa da ƙazantar kwalbati. Motar ta sha har sitiyari. Ardell ɗa ne nagari, Allah ya sani. Ya sa aka gyara inji, aka wanke, aka ciro kujerar da ta yi fumfuna tana wari aka jefar a tarin sharar bakin titi, ya samo wata irinta sak, lafiyayya, miƙaƙƙiya tas. Aka kawo Mama. Ta zauna, ta jira, kujera ba ta karkatar da ita ba. Ta shafa wajen direba, ta ji shi a cike. Sai ta ce, "Wannan motar mutane ce, ku fitar da ni kafin mai ita ya zo." Daga ranar ta rufe baki. Ko romo ba ta karɓa. Likita ya ce in aka ci gaba haka sai dai a kai ta gidan kula da tsofaffi a sa mata robar abinci ta hanci, kuma kowa ya san ba za ta sake ganin gidanta ba.

Ina garejin Verlene ina shan kofi Ardell ya shigo, ƙaton mutum, idonsa jajur.

"Mis Verlene, ban san me zan ce ki yi ba ma."

"Ina tsohuwar kujerar?"

"Tana bola, Mis Verlene. Ta ruɓe."

"Kai ne ka ruɓe. Tashi maza kafin masu shara su riga ka, kuma kar ka ɗauke ta ta tsakiya ka lanƙwasa min ita."

Aka kawo ta, warinta ya kore ni har bakin titi. Ita ko hanci ba ta toshe ba. Ta farke karammiskin, ta yaye ruɓaɓɓen soso ta zubar, har ta iske sifirin ɗin ƙarfe na ciki. Ta kira ni, "Sista, zo ki gani." Na leƙa. Ƙarafan ɓangaren direba duk sun kwanta gefe guda, kamar ciyawar da aka yi barci a kanta. Ta ce, "Ga Lucius nan, bai je ko'ina ba."

Ta kankare tsatsar ɗaya bayan ɗaya ba ta miƙar da ko guda ba. Ta yanka sabon soso, ta rarake shi da wuƙa, ta samo karammiski ruwan goro ta ɗinka. Amma da ta gama ta ce bai yi ba. Sabon soso yana da taurin kai, wuƙa ba ta koya masa abin da jikin mutum ke koya masa. Sai an sami mai irin jikin Dikin ya zauna a kai ya ladabtar da shi.

Ranar Lahadi bayan sujada ta tsaya a ƙofar coci tana ƙare wa mazan kallo ta baya. Fasto ya ce, "Sista Verlene, lafiya?" Ta ce, "Fasto, kai wuce, ba ka da komai a nan." Ta zaɓi biyar ta tasa su gaba har gareji, mu mata muka bi don kar a ba mu labari. An ɗora kujerar a kan bulo. Kowa ya zauna ya gwada.

"Ɗan'uwa Otha, tashi, kai duk ƙashi ne, za ka huda min yadi."

"Haba Sista, da ina da jiki fa."

"Da ɗin ma na san ka. Na gaba."

Aka yi ta yi, babu wanda ya dace, sai ta waiga ta hango Cleophus Banks a bakin ƙofa yana dariyar mutane. To shi Cleophus ɗan motar Lincoln ne, kishiyar Cadillac, a masana'antarta ya yi aiki, ita yake hawa, kuma shekara da shekaru shi da Dikin ba sa haɗuwa sai sun yi musun mota. Ya taɓa rantsuwa a gaban jama'a cewa ko gawarsa aka sa a Cadillac sai ta tashi ta sauka.

"Cleophus, zo nan."

"Ni? A kan kwale-kwalen Lucius? Sista, ki ji tsoron Allah."

"Ba kwale-kwale ba ne, kujera ce a kan bulo, ko taya babu. Rantsuwarka na nan lafiya. Ozella ce ba ta da lafiya."

Ya cire malafa, ya zo ya zauna. Ya shige kwarmin nan kamar da shi aka auna. Verlene ta ce, "Karkata dama." Ya ce, "Kar ki koya min, na fi ki sanin yadda mai taurin kan nan yake zama, shekara nawa ina bin sa a baya ina masa hon." Ya ɗaga hannun hagu kan sitiyarin da babu shi, ya miƙa na dama bisa bayan kujera, ya kwantar da kai gefe. Matan da ke dariya duk suka daina. Otha ya juya ya fita waje.

Kullum da safe Cleophus yana zuwa da jaridarsa ya zauna a karkace har rana ta take, bayansa na ciwo, yana mita. Ardell kuma kullum yana leƙowa ya ce Mama ta ƙara ramewa, ruwan shayi kawai take tsotsa a cokali. Verlene ta danna soson da babban yatsa ta ce, "Saura kaɗan." Na ce mata, "Sista, lokaci fa." Ta ce, "In na kai mata rabin Lucius ta ƙi shi, ba za ta sake yarda ta shiga ba. Dama ɗaya muke da ita."

Abu na ƙarshe da ta yi shi ne ya fi tsaya min a rai. Ta ɗauko dutsen goge ƙafa, ta sami saman bayan kujera inda hannun Dikin ke kwanciya, ta yi ta gurzar sabon karammiskin har gashinsa ya zube ya yi sanƙo. Verlene, ke ce fa kika yi rayuwarki ba ki bari ko zare ɗaya ya leƙo ba. Kika ɓata aikinki da kanki, daidai gwargwado, ba ki ƙara ba ba ki rage ba.

Aka mayar da kujera cikin mota. Ardell ya ɗauko uwarsa a hannu, ba ta fi nauyin yarinya ba, ya zaunar da ita a tsakiya. Muna tsaye muna kallo. Sai muka ga jikinta ya zame hagu a hankali. Ta sa hannu cikin kwarmin. Ta jingina kai baya, ƙeyarta ta sami sanƙon nan. Ta daɗe idonta a rufe. Da ta buɗe sai ta shinshina, don wata daga cikinmu ta riƙo kifi da burodin masara a takarda.

"Ardell," in ji ta, "me kake tsaye kana kallona kamar sabon shiga gari? Miƙo min kifin nan. Yi sauri kafin babanka ya dawo, ka san ba ya son a ci abinci a motarsa."

Ta cinye tas, ta lashe yatsu. Cleophus ya ce wani abu ya faɗa masa a ido. Mama Ozella ta ƙara shekara uku a gidanta, kuma a gadonta Ubangiji ya ɗauke ta.

Mun gode, Verlene. Allah ya hutar da yatsun nan, ya sāka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma masu tasowa, ko me kuke gyarawa, mota ko riga ko mutum, ku yi koyi da matar nan: kafin ku miƙar da abin da ya lanƙwashe, ku tsaya ku tambaya wa ya lanƙwasa shi, kuma wa yake jingina a wajen.