Gidan Mai Ido

"Ka faɗa min inda ka sa ta. In ka faɗa, ba zan yi faɗa ba."

Da safe ne, ina tsugune ina jiran ruwan wanka ya yi zafi, muryar Malama ta ratso bangon da ya raba falona da nasu. Bangon gidan hayarmu ba ya riƙe magana, in an yi atishawa a can ni ke cewa sannu a nan. Amma tun da suka shigo gidan ban taɓa jin Malama ta ɗaga murya ba. Ko yaran da take koyarwa ba su san ta da tsawa ba.

"Babu ita," in ji mijinta. "Na rantse miki jiya, na rantse miki shekaranjiya. Rantsuwar ma ta gaji da ni."

"To sauke agogon nan."

"Na sauke. Ga shi can a kife kan kujera kamar wanda aka kama da sata."

"Ƙwan fitilar fa?"

"Malama, ƙwan fitila ne. In na cire shi a duhu za mu zauna."

"Gara duhun."

Na ji an ja kujera, na ji ƙarar ƙwan ana murza shi. Ina nan ina sauraro har ruwana ya tafasa ya fara zuba ban sani ba.

Mijin nan shi ne Mai Ido. Haka duk layinmu ke kiransa, saboda sana'arsa sa kyamarar ɓoye a gidaje da shaguna. Ba irin manyan nan da ake kafewa a kusurwar gini ba, waɗanda ɓarawo ke hangowa ya canza hanya. Nasa ƙanana ne, idonsu bai kai kan ashana ba. Yana dasa su cikin agogon bango, cikin kan caja, cikin ƙwan fitila, har cikin gwangwanin turaren ɗaki. Mai kantin magani da kayansa ke raguwa yana nemansa, haka matar da ke barin jaririnta hannun mai raino ta tafi aiki. Shi Mai Ido mutum ne ɗan siriri mai sanyin magana, in ya shigo ɗakinka kafin ya amsa gaisuwa idonsa ya riga ya zagaya kusurwoyin rufi. Bai san yana yi ba.

Wata rana yana gyara min fanka ya ba ni labarin mafarin abin. Mahaifinsu yana da shagon kayan lantarki, 'ya'yansa ne ke tsare masa. Kaya suka riƙa ɓacewa kaɗan-kaɗan, kuma babu baƙon da ke da makulli. Tsohon bai taɓa tuhumar kowa da baki ba. Sai dai in an zauna cin abinci ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, loma a hannunsa, ya manta da ita.

"Har ya rasu bai san wane ne ba, Anti," in ji shi. "Ni ma ban sani ba. Ni dai na san ba ni ba ne, amma kallon da ya yi wa ɓarawon shi ya yi mini."

Daga gyaran waya ya koma harkar kyamara. Yana da ƙa'idojinsa. Ba ya sawa a ɗakin kwana ko banɗaki, ko nawa za a ba shi. Ba ya aiki sai gida ya zama babu kowa, mai gida kan tura iyalinsa unguwa, shi kuma ya shiga ya fito bai bar ko ƙurar bango a ƙasa ba. Washegari dole ya zauna ya kalli abin da kyamarar ta ɗauka, don ya tabbatar ta saitu daidai. Shekaru yana wannan kallon. Ya ga mai jinya tana tsunkulin tsohuwar da ba ta iya magana. Ya ga mai shago ya sa kyamara don ya kama ma'aikacinsa, aka kama ɗansa na cikinsa. Ba ya faɗin sunan kowa, amma ranar da ya yi irin wannan kallon yakan dawo gida ya daɗe a bakin famfo yana wanke hannun da bai taɓa komai ba.

Kuskurensa ɗaya ne, kuma irin na mai sana'a ne da ba ya son asara. In kyamara ta lalace yakan cire idon ya kawo ɓawon gida. Agogon yana tafiya, cajar tana caji, ƙwan yana haske, me zai sa a zubar? Gidansa ya cika da su. Malama har alfahari take yi, tana cewa ita ba ta sayen agogo, mijinta ke noma su.

Ranar da abin ya lalace ina falonsu ina taya ta ninke wanki. Wata mata ta buga ƙofa, mai kyan shiga, idanunta a kumbure. Ta ce nan ne gidan mutumin da ya sa wa mijinta ido a falo? Ashe mijin ya daɗe yana kallonta a waya daga wurin aikinsa. Suna cikin sa-in-sa ya maimaita mata kalmomin da ta faɗa wa ƙanwarta a kan mahaifiyarsa, har da yadda ta taɓe baki. Ta zo ne ta zagi Mai Ido, ba ta same shi ba. Tana juyawa za ta fita ta tsaya cak, ta nuna bango.

"Ke ce matarsa? Allah ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa. Nawa ma irin wannan ne. Har launin."

Malama ta ɗaga kai ta kalli agogon da take duba lokaci a jikinsa kullum. Rigar da ke hannunta ta kai ƙirji ta rungume, ba ta ƙara ninke komai ba.

Daga ranar Malama ta daina zama a gidanta kamar mai gida. Ta sayo filasta ta bi duk wani ɗigon baƙi ta liƙe, kan kusa, ramin rimot, idon 'yar tsanar da wata ɗalibarta ta ba ta. In za ta canza kaya sai ta ɗauko su ta shigo wurina, ta shiga bayan labule. In za ta yi waya da yayanta sai ta sauka ƙasan bene. Ta karɓe makullin mijin, ta ce ba zai ƙara shiga gidan ba tana waje, kada ya ƙara wata a bayan idonta. In ya riga ta dawowa sai ya zauna kan matakala da jakar aikinsa a cinya, maƙwabta na tsallake shi suna tsokana, Mai Ido an kore ka ne, ko gadi ka koma?

Abin da ya fi cin ta shi ne tuna baya. Tana zaune bakin gadona tana magana ƙasa-ƙasa, kamar ɗakina ma ba ta yarda da shi ba.

"Anti, akwai ranar da na zauna a ƙasa na yi kuka don Mama ba ta da lafiya. Na wanke fuska tas kafin ya dawo. Yana shigowa ya ce me ya sa ki kuka?"

"Miji ne, ya san idonki."

"Akwai ranar da ya bugo waya ya ce in duba, kamar na bar dutsen guga a kunne. Na duba, a kunne yake."

"Ke kullum kina barinsa a kunne. Ni ma ta bango ina jin ƙaurinsa."

Ta yi 'yar dariya. "Da ina jin daɗi wai yana kula da ni. Yanzu ban san wanne ne kulawa ba, wanne ne kallo."

Na ba ta haƙuri iya iyawata. Tana fita idona ya faɗa kan cajar da ke maƙale a gefen gadona, wadda Mai Ido ya ba ni kyauta da tawa ta ƙone. Wata 'yar huda ce a gabanta, ban taɓa lura da ita ba. Na ja zane na rufe kafaɗata a cikin ɗakina, ni kaɗai. Na cire cajar da yatsa biyu na jefa ta cikin bokitin ruwa, na ɗora murfi.

Shi ma yana ramewa. Ya kawo na'urar gano kyamara ya ce ta duba da kanta, ta ce na'urar da ta fito daga jakarsa ai abin da ya gaya mata za ta faɗa. Ya kwance agogon a gabanta ya nuna mata gurbin da babu komai, ta ce wannan wanda ya yarda ta gani ne. Rannan a kan matakala ya ce min, "Anti, in akwai abu ana iya nuna shi. Babu fa, da me ake nuna ta?" Ya faɗa yana kallon takalminsa. Na ɗauka tsoron rasa mata ne kawai.

Ƙarshe dai Malama ta yanke. Ta ce a kawo wanda ba nasa ba ya duba gidan. In babu komai ta zauna, maganar ta mutu. In an samu ko ɗaya, yayanta zai tafi da ita. Ta kira Dogo, wanda suka taɓa aiki tare da Mai Ido kafin su raba hanya, shi yanzu aikinsa nemo irin abin da Mai Ido ke ɓoyewa, a otal-otal da ofisoshi. Ba ta faɗa wa mijin ranar ba. Da ranar ta zo, da hantsi ta kira mijin a waya, ya zo ya same mu a falo, ni da yayanta da Dogo.

"Mai Ido, yau ni ne likitanka," in ji Dogo. "Cire riga."

"Ka yi a hankali da fentin bango, gidan haya ne."

"Ni da kai wa ke huda bangon mutane?"

Ba wanda ya yi dariya. Dogo ya sa aka saki labule, ɗakin ya yi duhu. Na'urarsa 'yar ƙarama ce mai jajayen fitilu, yana leƙawa ta wata huda a tsakiyarta. Ya ce gilashin kyamara, ko yaya ƙanƙantarsa, in hasken ya taɓa shi sai ya mayar da jan ɗigo. Ya fara da ɗakin kwana. Muna tsaye muna jin takunsa, Malama ta riƙe hannuna, tafinta sanyi ƙalau. Ya fito ya ce babu. Banɗaki babu, kicin babu. Ya dawo falo ya buɗe agogo, ya buɗe cajoji, ya buɗe gwangwanin turare.

"Ɓawo ne duk," ya ce. "Mijinki marowaci ne kawai, Malama, shara yake tara miki."

Na ji hannunta ya fara saki. Yayanta ya sauke numfashi, har ya fara laluben makullin mota. Na waiwaya in yi wa Mai Ido murmushi, sai na ga shi bai sauke nasa numfashin ba. Yana jingine da bango, gumi na bin wuyansa, kuma duk ɗakin yana kallo ban da wuri ɗaya.

Dogo ma ya lura. Ya san mutumin. Ya juya a hankali ya kai hasken wurin da Mai Ido ke gudun kallo, kan soket ɗin da ke gefen talabijin, wanda ke fuskantar kujerar da Malama ta saba zama. Ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya ciro sukudireba.

Da murfin ya fita, ga ta nan, ba ta fi farce ba, ƙura ta lulluɓe bayanta. Malama ta saki hannuna ta ja da baya har ta bugi ƙofar kicin.

Dogo ya jujjuya abin a tafinsa, ya ɗaga labule ya duba a haske. Muryarsa ta canza. "Tsakani da Allah, wannan ba ta taɓa ganin komai ba. Ga wayarta a naɗe yadda ta fito daga kwali, ba a taɓa haɗa ta da wuta ba. Babu katin ajiyar hoto a ciki. Ko ledar gabanta ba a ɓare ba."

"Tun yaushe?" Malama ta tambaya. Ba Dogo take kallo ba.

"Kafin ki shigo gidan," in ji Mai Ido.

"Ka rantse min babu."

"Ba ta da rai, Malama."

"Ba ta da rai, amma ka huda bango ka yi mata gurbi. Ka auna inda zan zauna tun ban zauna ba." Ba ta yi tsawa ba. "Me na yi maka a lokacin? Ko tukunya ban ɗora a gidan nan ba."

Yayanta ya buɗe baki zai sa baki, ta ce, "Yaya, ka jira ni a mota." Dogo ya ajiye kyamarar kan tebur a hankali, ya tattara kayansa ya bi bayansa, ko sallama bai yi ba.

Na taya ta haɗa jaka. A ɗakin da aka tabbatar mata babu komai, sai da ta juya wa ƙofa baya kafin ta canza mayafi. Da muka fito Mai Ido na tsaye a bakin ƙofar falo, hannunsa a kan mariƙi. Bai tare hanya ba, buɗe mata ya yi. Ta zo daidai shi ta tsaya, tana jiran ko ƙarya ce ya yi mata ta ƙarshe.

"Tun kafin a kawo ki na san in zan fita za ki rako ni nan kina murmushi," ya ce. "Ban san me fuskarki za ta yi ba in na ja ƙofar. Na sa abin da zai nuna min, sai na kasa haɗa wayar. Na kuma kasa cirewa."

Ta gyara riƙon jakarta, ta sa ƙafa ɗaya waje.

"Tsaya," ya ce. "Bari in juya baya tukuna."