Juma'ar da Keken Inna ya Kamo Muryar Kaka

Wata Juma'a ce ta bazarar 1985, shekarar da kogi ya janye a Yamai har muna tsallaka shi da ƙafa daga unguwar Kirkissoye, takalmanmu a hannu. Ina 'yar shekara tara. Bayan an sauko daga masallaci Baba ya shiga ɗan ɗakinsa na kusa da zaure, ko babbar riga bai tuɓe ba, ya kunna radiyonsa. Ba irin ta sauraren labarai ba ce. Akwati ce mai nauyi, ana magana a cikinta a kuma ji amsa daga nesa. Na tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu ina kallon gumi na bin wuyansa. Ya murɗa, sai shuu kamar ana sheƙar hatsi. Ya ƙara murɗawa kaɗan, wata murya ta fito siririya kamar ta agwagwa. Kafin ya daidaita ta sai ta yi kauri kamar kukan bijimi, ta nutse. Yana cikin nema aka kashe daga can. Mako na uku ke nan.

Muryar mahaifiyarsa yake nema, Kaka, wadda aka sa mini sunanta. Tana wani ƙauye a arewacin Tawa inda fari ya cinye gona da garke, mutane suna ta watsewa, ita kuwa ta ƙi tashi. An aika mata wasiƙa an karanta mata, ta ce takarda ba ta da baki. An aika ɗan saƙo, ta ce, "In ɗana na son in bar gidan ubansa, ya faɗa da bakinsa in ji." A ɗakin shan magani na ƙauyen akwai radiyo, kuma ma'aikacin wurin, Malam Idi, yakan kunna ta ranar Juma'a na 'yan mintoci, don batirinsa ba ya jurewa. Ga shi Musa direba, maƙwabcinmu, zai kai hatsin taimako can bayan Juma'a mai zuwa ya dawo da mota wayam, bayan wannan kuma ba wanda ya san ranar da wata mota za ta sake bi ta wurin.

Baba ma'aikacin gidan waya ne, gyaran na'urori ne aikinsa, radiyon kuma ita ce abin sha'awarsa tun yana saurayi. Zamanin soja ne, don haka takardar izininta na rataye a bango cikin gilashi, sama da hoton aurensu ma. Wayarta ta tashi daga taga zuwa ƙolin dogon yaron da muke 'yar carafke a ƙarƙashinsa, mu yi gaɗa da yamma, mu kuma tsince tsakuwa daga jar dawar taimako da ba ta taɓa yin tuwo mai daɗi ba. Ni da ƙawayena na lakwal, wato makaranta, mun yarda cewa muryoyin mutane suna sauka a kan wayar nan kamar tsuntsaye, su huta kafin su shiga ɗaki. Idan na dawo daga famfo da bokiti a ka, nakan rage tafiya in na zo ƙarƙashinta, don kada in firgita su.

Matsalar tana wurin abin murɗawa. Ɗan ƙarami ne, bai fi murfin kwalba ba. In za ka taso daga wannan gefen tashoshi zuwa wancan sai yatsunka sun gaji, lokaci na tafiya. In kuma ka iso kusa, motsi kaɗan ya isa ka tsallake muryar gaba ɗaya. Baba ya ɗauka hannunsa ne ke rawa. Ya bar shan shayi ranar Juma'a, ya gwada da hagu, har numfashi yake riƙewa, duk a banza.

Inna ce ta gano, ita da ba ta taɓa taɓa akwatin ba. Ɗinki take yi wa matan unguwa a rumfar tsakar gida. Ranar Asabar tana naɗe zare a kwarkwaro, Baba na zaune a tabarma ya yi tagumi, sai ta tsayar da keken ta ce, "Malam, ba laifin hannunka ba ne. Kai fa so kake ka sa zare a allura da taɓarya." Ta kira shi ta nuna masa babbar tayar ƙarfe ta keken, wadda in ka tura sau ɗaya sai ta yi ta gudu da nauyinta, da kuma 'yar ƙaramar taya mai roba da ke jingine da ita. Ta juya ƙaramar da yatsa, ta juya, ta juya, babbar kuwa da ƙyar ta gusa. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariyar da muka yi makonni ba mu ji ba, ya ce shekara goma sha biyar yana gyaran na'urori, ashe malamarsa na cikin gida.

Kwana huɗu ya yi yana aiki da la'asar in ya taso. Ya sassaƙa katako, ya kai wa wani maƙeri a unguwar Lazaret ɗan ƙarfe aka huda masa, ya auna ya sake aunawa, don ya haɗa tayoyin keken da abin murɗa radiyon. Keken ɗaya ne a gidan, don haka aka yi yarjejeniya: ranar Alhamis da yamma a kwance tayoyin, Asabar da safe a mayar. Inna ta sallami wata mata da ta kawo atamfa, ta ce kekenta ya tafi aikin gwamnati. Ni aka ba kwanon sha in riƙe ƙusoshi, na riƙe shi da hannu biyu kamar an ba ni ƙwai.

Da Juma'a ta zo, duk gidan muka taru a ƙofar ɗakin, har da Musa direba. Baba ya yi bismilla ya tura babbar tayar. Tashoshi suka riƙa wucewa a guje, kiɗa, Larabci, Faransanci, ƙara. Ya dafe ta da tafin hannu, ya koma kan ƙaramar. Agwagwar nan ta fito. Ya ci gaba da juyawa a hankali, a hankali, sai muryar ta fara sauka, ta yi ta zama ta mutum a gaban kunnuwanmu, har muka ji Malam Idi sarai yana cewa ga tsohuwa nan.

"Wane ne? Idan kai ne, me ya hana ka magana tun tuni? Juma'a uku ina zuwa ina zama gaban ƙarfen nan kamar mai jiran gawon shanu!"

Baba ya gaishe ta. Ya ce, "Iya, ni ne. Ina roƙonki ki shigo motar Musa ki taho."

Kaka ta ce, "To akuyata fa? Ita kaɗai ta rage, ba na barin ta."

Musa ya leƙo ta kafaɗar Baba ya ɗaga murya ya ce akuya ma tana da kujera, a gaba in ta so. Kaka ta ce a faɗa wa takwararta ta share mata wuri, kuma ba ta kwana da mai shure-shure. Daga nan batirin Malam Idi ya mutu.

Bayan kwana shida suka iso da hantsi, ita da ƙullin kayanta da akuya ramammiya da ta cinye wa Inna rabin zogale a ranar. Shekara goma sha ɗaya Kaka ta yi tare da mu, kullum tana cewa baɗi za ta koma.

Yanzu ƙauyen na cikin wayata. In na taɓa suna ɗaya sai ɗiyar kawuna ta amsa, muryarta tas kamar tana ɗakin, mu yi hirar da ba ta wuce ya gida ya yara, wani lokaci ma ina yanka albasa. Ba na raina wannan sauƙi, na san abin da rashinsa ya kusa jawo mana. Sai dai ba wanda ke taruwa a bakin ƙofa, ba wanda ke yin shiru. A wancan lokacin, kafin mu ji mutum sai mun neme shi.