Ranar da Injinan Haƙar Kuɗi Suka Yi Shiru

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kai maigidana makwancinsa ba, kuma ba na jin zan manta har a kai ni nawa. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Jikata ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana ɗorawa a takarda, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni. Ku matan da kuke tankaɗen masara da waken suya a babban siton nan yanzu, da yawanku ba ku san aikin da muka yi a cikinsa kafin ku ba, shi ya sa na ce a rubuta muku.

Asalinsa siton auduga ne. Da harkar auduga ta ja baya aka rufe shi, jemagu suka gaje shi. Sai wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi daga Funtua, ya karɓi hayarsa, ya kawo wasu injina a manyan motoci. Kowane ɗaya bai fi bulon siminti girma ba, da fanka gaba da baya. Aka jera su a kan kantocin ƙarfe tun daga ƙasa har inda hannu ba ya kaiwa. Aka huda bangon gabas aka sa manyan fankoki masu zuƙo zafi suna watsawa waje, wato wajen maƙabartar garinmu, don ita ce a bayan bangon. Aka ce injinan haƙar kuɗin intanet ne, wanda ake kira kirifto. Na yi shekaru a wurin ban ga rami ba, ban ga kuɗin ba.

Ga yadda tsarin aikin yake. Alhaji ne a sama, amma sai a yi wata ba a gan shi ba. Daga shi sai Injiniya Kabiru, ɗan Malumfashi, wanda komai ke hannunsa. Sai mai kula da janareta, sai masu gadi, maigidana ne babbansu, kowa Baba Maigadi yake ce masa, ni kuma Malam nake ce masa. Mu mata mu ne a ƙasa. A tagogin yamma, inda iska ke shiga, akwai wata raga mai kamar soso da ke tare ƙura. Aikinmu mu ciro ta, mu kakkaɓe, mu wanke, mu shanya ta bushe ƙarau, sannan mu mayar. Raga mai laima haramun ce a wurin. Tsintsiya ma ba ta shiga, sai tsumma. Kafin ka shiga sai ka cusa auduga a kunne, a ciki kuma da hannu ake magana kamar kurame.

Dokar farko da ake gaya wa sabon ma'aikaci ita ce ba a kashe su. Ba Juma'a, ba Sallah. Akwai layin wuta na masana'antu, akwai faifan sola, in duka sun gaza janareta ya karɓa kafin injinan su huce.

Wata rana muna shanya na tambayi Injiniya, na ce, “Ɗan nan, wai me suke haƙowa?”

Ya ce, “Inna Dije, kin san kalar gyaɗa bayan an cire? To gona ɗaya ce duk duniya, abin da ke cikinta kuma an ƙayyade shi. Kowane inji mai kala ne. In masu kala suka yi yawa, rabon kowa ya ragu. In wasu suka zo da ƙuruciya da kaifin ido, tsofaffi su koma gida da ƙwarya wayam.”

Talatu, abokiyar aikina, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce, “Ashe dai mu ne. Injiniya, ka sa mu a kan kanta mana, ka huta da sayen na Turawa.”

Ya yi dariya ya ce, “Ke Talatu ai ƙararki ta fi tasu, wutar da za ki sha Alhaji ba zai iya biya ba.”

Ƙarar nan ita ce abin da ba zan iya kwatanta muku ba. Ba irin ta injin niƙa ba ce mai tashi ta faɗi. Murya ɗaya ce miƙaƙƙiya, kamar taron ƙudan zuma da ya cika sama, ba ta numfashi. Gidanmu yana manne da katangar siton, har akwai ƙaramar ƙofa tsakaninmu, don haka a cikinta muke ci, a cikinta muke salla. In ka ajiye ruwa a kwano sai ka ga fuskarsa tana rawa. Tsuntsaye suka bar tsamiyar maƙabarta. Ciyawar da ke kan kaburburan kusa da bango ta daina fitowa ko da damina, saboda iskar zafin da ke busa su. In na shiga ɗauko raga ni kaɗai, ba kowa sai ƙananan fitilu kore suna ƙifta mini ido daga kowane gefe, sai in ji kamar na shigo wa wasu suna tsakiyar shawara. Maigidana da ke zama a bakin ƙofa kullum, sannu a hankali kunnensa ya tafi. Ya kai sai na taɓa kafaɗarsa yake sanin ina magana. Ya bar zuwa hira a dandali, don ya gaji da murmushi a kan maganar da bai ji ba.

Da farko an samu alheri. 'Yan kasuwa da manoma da dama sun sa hannun jari, ana ba su riba, mu ma albashinmu bai taɓa makara ba. A shekarar da aka sauya takardun kuɗi ne abin ya juya. Injiniya ya ce an ƙero sababbin injina a ƙasashen waje, masu kala da yawa da wuta kaɗan, namu sun zama tsofaffi. Ga shi farashin kirifton ya faɗi. Ya ce masu injina irin namu a ko'ina suna sayar da abin da suka tara don su biya wuta, sayarwar kuma tana ƙara karya farashin, injinan kansu suna zubar da daraja tare da shi. Masu hannun jari suka fara zuwa bakin ƙofa suna tsayawa suna sauraren ƙarar. Ita ce kawai shaidarsu cewa dukiyarsu tana da rai. Alhaji ya aiko cewa ba zai ƙara sayen kayan gyara ba. In inji ya mutu, Injiniya ya ciri abin da zai cira ya rayar da wani, gangar jikin a jefa kusurwa.

Cikin kakar wannan shekarar, ana tsakiyar girbin masara, maigidana ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Na tashi dama masa kunu. Kafin in sauke, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Ku 'yan garin nan kun san al'adarmu. In an yi rasuwa a unguwa, mai injin niƙa yana kashewa, maƙeri ya ajiye guduma, ba macen da za ta ɗaga taɓarya sai an dawo daga maƙabarta. Tun kakanninmu ba su shiga Musulunci ba ake haka, malamai kuma suka zo suka ce mamaci yana jin takun waɗanda suka raka shi. Ina zaune ana yi masa wanka, unguwa duk ta ajiye aiki, amma ƙarar nan tana nan yadda take. Sai na tuna inda aka haƙa masa, a jikin bangon gabas. Mutumin da ƙarar nan ta cinye wa kunne yana raye, ranar da aka ce zai ji, ita ce kuma za ta rufe masa komai.

Na ja mayafi na bi ta ƙaramar ƙofa. Na san bai kamata mai takaba ta fita ba, mata suna kirana ban waiwaya ba. Na shiga siton ba auduga a kunne. Na tarar da Injiniya a tsakanin kantoci, idonsa ja, ashe ya ji labari. Ya ja ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Talatu tana biye da ni.

Na ce, “Ɗan nan, ban taɓa roƙon komai a wurin nan ba. Ka kashe su har a rufe Malam.”

Ya ce, “Inna, zan gaya miki gaskiya. Injinan nan sun tsufa a cikin zafi. Dalmar da ta riƙe cikinsu ta saba da shi. In suka huce ta tsattsage, da yawansu ba za su farka ba. Alhaji kuma ya ce ranar da suka tsaya, ranar zai kira 'yan gwangwan. In na kashe, ba na ce miki akwai aiki gobe ba. Ba naki ba, ba na kowa ba.”

Talatu ta kama hannuna. Mijinta ya riga nawa tafiya, ya bar mata yara ƙanana. Ta ce, “Yaya Dije, Allah ya sani Baba Maigadi ubana ne. Amma mamaci ba ya cin tuwo. Nawa suna ci.”

Ba ta faɗa da faɗa ba, tana kuka ta faɗa. Na duba maganarta ban ga inda zan kama ta da ƙarya ba. Na ce, “Haka ne. Injiniya, bar su. Malam ma da zai ce a bar su.”

Na koma ɗaki na zauna a kan tabarma, mata sun kewaye ni. Da hantsi aka fito da makara ƙofar gida. Na sunkuyar da kai ina jiran a zo a ce mini an tafi da shi, don na san ba zan ji komai ba.

Sai ƙarar ta fara sauka. Ba lokaci ɗaya ba. Layi-layi take mutuwa, daga can ƙuryar sito tana matsowa, kamar mutum yana tafiya yana hure fitilu. Manyan fankokin gabas ne na ƙarshe, suka yi wani dogon nishi suka tsaya.

Ban san shiru yana da nauyi ba sai ranar. Matan da ke ɗakin suka dubi juna a tsorace, wata ta fara salati ƙasa-ƙasa. Jaririyar da ke bayan maƙwabciyata, wadda aka haifa a cikin ƙarar, ta farka ta tsala kuka kamar an tsunkule ta. Na ji numfashina. Na ji kaza tana tono a bayan ɗaki. Sannan na ji muryar liman ya yi kabbara, sarai, kamar a gefena yake, jama'a suka amsa. Na ji makara ta yi ƙara da aka ɗaga ta. Na ji takun maza suna bi ta bayan katanga, takalmi da yawa a kan busasshiyar ƙasa, har suka yi nisa. Daga inda nake zaune na ji ana tura ƙasa. Da suka juyo, na sake jin takun. Na ce a raina, Malam, ka ji su ko? Duk sun zo.

Bayan azahar aka kunna. Ina ɗaki ina saurare. Wasu suka kama, wasu suka yi tari suka koma. Muryar da ta dawo siririya ce, mai giɓi, kamar bakin tsohuwa. Talatu ta ce ta leƙa ta ga Injiniya yana bin kantoci yana ɗora tafin hannu a kan kowane ɗaya, in ya ji sanyi ya wuce. Ta ce waɗanda suka yi sanyi sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Ranar addu'ar uku Injiniya ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina. Alhaji ya riga ya sallame shi ta waya.

Na ce, “Kabiru, ai na ce ka bar su.”

Ya ce, “Kin ce, Inna. Amma ni nake ganin abin da suke kawowa da abin da suke sha. Ko ban taɓa su ba, ba za su ga damina ba. Da ma mutuwa za su yi. Na ga gara su mutu da dalili.”

Na ce, “Talatu fa?”

Ya miƙe, ya yi mini sallama ya tafi.

Ban fita takaba ba 'yan gwangwan suka zo da sikeli. Ina jin ana jefa injinan a mota kamar duwatsu. Masu hannun jari kowa ya rungumi ƙaddara. Talatu ta sha wuya a ranin nan, ta yi wankau, ta yi surfe a gidajen mutane, ɗiyarta babba ta bar makaranta ba ta koma ba. Duk da haka kusan kullum sai ta leƙo ni. Wata rana ta zauna ta ce, “Baba Maigadi dai ya fi Alhaji ƙarfi. Shi kaɗai ya tafi, ya kwashe ma'aikata kaf.” Muka yi dariya, muka ɓuge da kuka.

Abin da na koya a wannan aiki ba shi da yawa. Na ga sana'ar da injin bana ke mayar da na bara gwangwan, wadda ribarta take hannun mutanen da ba su san sunan garinmu ba. In wani ya zo muku da ita, ku tambaye shi shekarun injinsa kafin ku tambaye shi riba. Na kuma ga cewa duk aikin da aka gina a kan ba za a tsaya ba, wata rana sai an sa wani ya zaɓa tsakanin mai rai da mamaci, zaɓin kuma a kan ƙananan ma'aikata yake faɗawa. Talatu ta yi gaskiya, Kabiru ma ya yi gaskiya, kowannensu ya biya. Ni aka yi wa alherin, kuma har yau in na ga ɗiyar Talatu da tallar gyaɗa a bakin titi, ban san yadda zan gode ba.